Tsofaffin fina-finan ta'asa: Sunan ɓarawo a bango, ina na waɗanda ya kashe?

Mu 'yan ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da aka haifa bayan shekarar 2000 ba mu san silima ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a ƙarshen 1999 gidajen silima na jihar suka rufe, don haka duk fim ɗin da muka taɓa gani, ko dai a gida ya same mu ko a gidan kallo. Yayyenmu sun yi zamanin kaset, wanda ake ɗauka haya a kwana da shi a mayar. Mu muka tarar da faifan CD a cikin leda mai hoto, mai maƙalewa daidai inda labari ya ɗauko daɗi. Ƙannenmu kuwa ko faifan ba su riƙe ba, memori suke miƙa wa mai turi a bakin kasuwa ya cika musu.

A cikin abin da ake turawa akwai nau'in da kasuwarsa ba ta faɗuwa, wato fim ɗin da aka ce da gaske abin ya faru. Labarin wani ɗan fashi, ko wani mai kisa, ko wata shari'a da ta girgiza gari. Da zarar mai turi ya ce maka labarin gaskiya ne, to ya gama talla. Wannan sha'awa ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka da Ingila akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tono tsofaffin fina-finai, har da irin waɗannan, su wanke su, su sake fitar da su a faifai domin kallon gida. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen a wannan shafi shi ne, mu da muke zaune a cikin irin labarin da wasu ke saye da kuɗi su kalla, ya kamata mu san yadda ake adana shi, da kuma wanda ake tunawa idan an adana.

Yadda suke yi a can

A daren 15 ga Nuwamba 1959 wasu tsofaffin fursunoni biyu, Richard Hickock da Perry Smith, suka shiga gidan wani manomi mai suna Herbert Clutter a ƙauyen Holcomb na Jihar Kansas a Amurka. Wani ne ya ba su labari a kurkuku cewa akwai akwatin kuɗi a gidan. Babu shi. Suka kashe mai gidan da matarsa da 'ya'yansu biyu, suka tafi da abin da bai kai Dala 50 ba da wata 'yar rediyo. An rataye su a 1965. Marubuci Truman Capote ya yi littafi a kan abin, a 1967 kuma darakta Richard Brooks ya mayar da shi fim mai suna In Cold Blood, a baƙi da fari, ya kuma ɗauki wasu wurare a cikin ainihin gidan da aka yi kisan. Duk wanda ya fito daga ƙauyen da ake da 'yan ba da rahoto ga 'yan bindiga, idan ya ji yadda maganar bakin wani ta jawo wa gida guda halaka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bayan shekara 48, a 2015, kamfanin Criterion ya sake fitar da fim ɗin a faifan Blu-ray. Aikin ba kwafa kawai ba ne irin wadda muka saba gani. Sukan nemo ainihin zaren fim ɗin da aka ɗauka da kyamara, a saka shi a na'ura ta karanta shi hoto bayan hoto, a goge tsaga da ƙura a kwamfuta, a gyara sauti. Sannan a haɗa da hirarrakin da aka yi da masu aikin, da bayanin masana, da ɗan littafi a cikin kwalin. Wanda ya saya, fim ya saya tare da hanyar da zai bi ya gane inda masu fim suka faɗi gaskiya da inda suka ƙara gishiri. Gishirin kuwa akwai shi. Manyan 'ya'yan Clutter mata biyu, da ba sa gidan a daren, sun daɗe suna nuna rashin jin daɗin yadda littafin ya siffanta iyayensu, musamman mahaifiyarsu.

Na biyu ya fi taɓa mu, mu ɗalibai, musamman masu karatun lauya. A 1950 aka rataye wani direba mai suna Timothy Evans a Landan bisa laifin kashe 'yarsa jaririya. Babban mai ba da shaida a kansa shi ne maƙwabcinsa na ƙasan bene, John Christie. Bayan shekara uku aka gano gawarwakin mata a ɓoye a wannan gida, ashe Christie ne ke ta kisa. Shi ma an rataye shi a 1953. Littafin da ɗan jarida Ludovic Kennedy ya rubuta a 1961 yana cikin abin da ya hana maganar mutuwa, har Ingila ta dakatar da hukuncin kisa a kan laifin kisan kai a 1965, aka kuma yi wa Evans afuwa a 1966, shekara 16 bayan ya shiga ƙasa. Fim ɗin da aka yi a 1971 sunan gidan aka sa masa, 10 Rillington Place, kuma an sake fitar da shi a Blu-ray a 2016. Yaron Ingila da aka haifa jiya yana iya zama a ɗakinsa ya ga yadda 'yan sanda da kotun ƙasarsa suka kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai ma wanda ya fitar da mutum daga kurkuku da ransa. Fim ɗin The Thin Blue Line na Errol Morris, na 1988, ya bi diddigin shari'ar Randall Adams da aka ɗaure bisa kisan wani ɗan sanda a Dallas a 1976. Ya zauna da shaidu ɗaya bayan ɗaya har maganganunsu suka ci karo da juna a gaban kyamara. A 1989 aka saki Adams bayan shekara 12 a tsare.

Namu na gida

Kada a ɗauka Najeriya ba ta da irin waɗannan. Tana da su, kuma tun da wuri. Bayan Yaƙin Basasa makamai sun bazu, fashi ya yi yawa, gwamnatin soja ta yi dokar harbe 'yan fashi a 1970. Wanda ya fi suna a lokacin shi ne Ishola Oyenusi, da ake yi wa laƙabi da Dakta, wanda aka harbe a bakin teku na Bar Beach a Legas ranar 8 ga Satumba 1971 a gaban dubban 'yan kallo. Kafin shekarun 1970 su ƙare, marigayi Eddie Ugbomah ya yi fim a kansa, The Rise and Fall of Dr. Oyenusi. Shi ne kuma ya yi Death of a Black President a 1983, kan kisan Janar Murtala Muhammad na ranar 13 ga Fabrairu 1976. A Arewa ma, bayan rikicin Maitatsine da ya ci rayuka sama da 4,000 a Kano a Disambar 1980, Sule Umar ya yi fim mai wannan suna a ƙarshen shekarun 1980.

To, a je a nemo su. A tambayi mai turi a Ƙaura ko a Gusau, a duba shagunan Kano inda nan ce cibiyar kasuwar fim ta Arewa. Waɗannan fina-finai a kan zaren silima aka ɗauke su, zare kuwa ba ya jure zafi da laima. Idan ya daɗe a gwangwani babu kulawa sai ya fara wari mai tsami, ya lanƙwashe, ya manne da juna, daga nan sai zubarwa. Ugbomah ya rasu a 2019, kuma mu da muke aji biyu da aji uku a jami'a sunayen fina-finansa kawai muke haddacewa domin jarrabawa.

Wanda ya tsira ya nuna mana cewa abin mai yiwuwa ne. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana ɗauka ya ɓata. Aka samo zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Ƙasa, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta haɗa hannu da hukumar da Didi Cheeka na ƙungiyar masu fim ta Legas aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ƙagaggen labari ne, amma a kan ta'asar da aka yi da gaske aka gina shi: an sace yaro, an sayar da shi bawa, uwarsa ta bazama nemansa har ta ƙare a wahala. Babu uwar da za ta kalli wannan a Ɗan Isa ko Moriki ta ce tatsuniya ce. Sai dai fim ɗin da aka yi da Hausa domin Hausawa, mutanen Berlin sun riga mu ganin sabon kwafinsa, kuma har yau ba abu ne da za ka tsaya a bakin kasuwa ka ce a tura maka ba.

Zamanin kaset da faifai, wanda a wajenmu ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, ya sauƙaƙa yin fim amma bai sauƙaƙa adana shi ba. Kaset yakan yi fumfuna, faifai yakan karce, furodusa kuma da ya mayar da kuɗinsa ya wuce na gaba. Masu fim na Kudu sun yi amfani da wannan zamani sun mayar da labarin Lawrence Anini fim. Anini shi ne ɗan fashin da ya addabi Benin a 1986 har Shugaba Babangida ya tambayi Sufeto Janar na 'yan sanda, Etim Inyang, inda yake. An kama shi a Disambar wannan shekara, aka harbe shi ranar 29 ga Maris 1987. A wajenmu abin da ya fi muhimmanci a labarinsa ya fito ne a kotu, inda aka gano cewa wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, yana taimaka wa gungun da makamai da bayanai, shi ma aka yanke masa hukuncin kisa. Idan ana hirar Anini a majalisa, tuƙin motarsa da kuɗin da aka ce yana watsa wa 'yan kasuwa ake tunawa. Da wuya ka ji an ambaci Iyamu, alhali nan ne darasin yake ga duk mai tambayar ta ina bindiga ke shiga daji.

Sai Issakaba na Lancelot Imasuen, wanda ya fito a farkon shekarun 2000, kuma yayyenmu da yawa sun kalle shi a gidan kallo ko da ba su jin rabin Turancin. An gina shi ne a kan 'yan banga na Bakassi da 'yan kasuwar Aba suka kafa, suka kuma bazu zuwa Onitsha. A fim jarumai ne masu adda da laya, masu gane mai laifi ta hanyar tsafi. A zahiri kuwa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara bayanan mutanen da suka kashe ba tare da shari'a ba, kuma Gwamnatin Tarayya ta murƙushe su a 2002. Da a ce an sake fitar da Issakaba yadda Criterion ke yi, da bayanin abin da ya biyo baya a gefe, da ya zama abin koyarwa a Zamfara, inda kowa ya san rawar da 'yan sa-kai suka taka wajen kare garuruwa, ya kuma san yadda kashe Fulani a kasuwanni ba tare da bincike ba ya ƙara wa wutar fetur.

Inda gizo ke saƙa

Duba sunayen nan da kyau. Oyenusi. Anini. Maitatsine. Sunan mai laifi ne a bangon faifai, hotonsa ne babba, shi ake bai wa jarumin da ya fi iya wasa. Mun yi ta tambayar junanmu a makaranta ko akwai wanda zai iya kawo sunan mutum ɗaya da Anini ya kashe. Shiru. Haka abin yake a nan gida: yaro ɗan firamare ya san Buharin Daji da aka kashe a 2018, ya san Bello Turji, ya san Halilu Sububu da sojoji suka kashe a Satumbar 2024, har da laƙabobinsu da irin bindigar da suke ratayawa. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar, wanda ya miƙa wa gwamnatin Zamfara rahoto a 2019, ya ƙirga mutum sama da 6,000 da aka kashe daga 2011 zuwa wannan shekara, da marayu sama da 25,000. Su lamba ce kawai. Daga 2019 zuwa yau kuma kowa ya san lambar ba tsayawa ta yi ba.

Masu kallon Indiya sun san wannan matsala ko ba su sa mata suna ba. A Sholay na 1975 bos ɗin, Gabbar Singh, ya fi jaruman zama a bakin mutane, kuma sunan wani ɗan fashin daji na gaske aka ara masa. Sai Bandit Queen na Shekhar Kapur, na 1994, kan Phoolan Devi, wadda aka aurar tana yarinya, aka ci zarafinta, ta shiga daji a yankin Chambal, aka kuma zarge ta da jagorantar kisan maza kimanin 20 a ƙauyen Behmai a 1981. Ta miƙa wuya a 1983, ta yi shekara 11 a tsare, ta fito ta ci zaɓen majalisar tarayya a 1996, aka harbe ta a ƙofar gidanta a Delhi a 2001. Ita kanta ta kai masu fim ɗin kotu saboda sun nuna fyaɗen da aka yi mata ba da yardarta ba, sai daga baya aka sasanta. Wato ko wadda aka mayar jaruma ba ta ji daɗi ba, balle matan Behmai da aka bar wa takaba. Tuba da miƙa makamai da afuwa da komawa siyasa, duk kalmomi ne da muka sha ji a Zamfara tun zamanin sulhun farko, shi ya sa wannan fim yake kama da madubi idan ɗan yankinmu ya kalle shi.

Saboda haka muna fahimtar tsoron hukuma. A Satumbar 2021 Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana yin fim da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa dalilin cewa matasa na koyon dabaru daga ciki. Dalilin ba na banza ba ne. Amma a wannan watan ne aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, mutanenmu suna tafiya har wata jiha domin su kira ɗan'uwa su ji ko yana raye. Babu wanda ya koyi garkuwa daga Kannywood a dajin Zurmi. Abin da dokar ta yi shi ne ta rufe bakin masana'antar da ta fi kowa iya magana da mu da harshenmu, a kan abin da ya fi komai damunmu. Aka ci gaba da fim ɗin soyayya da rikicin gado, mu kuma muna haɗa kuɗin fansa.

Waɗanda suka gwada ta hanyar jarida sun ɗanɗana kuɗarsu. Abdulaziz Abdulaziz ya shiga daji ya yi hira da Turji, tashar Trust TV ta nuna shirin a Maris 2022. A Yulin wannan shekara BBC ta fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, wanda Yusuf Anka, ɗan jihar nan kuma ɗalibin lauya a lokacin, ya yi. A watan Agusta Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ci tarar Trust TV Naira miliyan 5, ta kuma ci wasu kamfanoni uku irin wannan tara saboda sun haska shirin BBC, bisa zargin kambama ta'addanci. Muna da ƙorafinmu a kan shirye-shiryen biyu, domin akwai wuraren da aka bar ɗan bindiga yana baje hujjarsa fiye da yadda zuciyar wanda aka kashe wa uba za ta ɗauka. Duk da haka a cikin shirin BBC ne mutanen duniya suka ga cikin asibitocinmu, suka ga uba ɗauke da ciwon rashin ɗansa, suka ji ta bakin waɗanda sace 'yan matan Jangebe 279 na Fabrairun 2021 ya shafa. Kuma wanda ya riƙe makirfon ɗin sa'an yayyenmu ne, ba baƙo daga Landan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su wa ke ɗaukar fim ɗinmu yanzu

A yau mafi yawan hotunan wannan bala'i da ke yawo a wayoyinmu 'yan bindigar ne da kansu suka ɗauka. Suna TikTok, suna baje damman kuɗi, suna rawa da bindiga, wani lokaci ma kai-tsaye, matasa na yi musu tambayoyi kamar wasu 'yan wasa. Su ne furodusa, su ne darakta, su ne jarumi. Mutanenmu idan sun fito a ciki, a durƙushe suke fitowa, ana dukansu domin a tura wa dangi su gaggauta biya. Irin wannan bidiyo ba ya buƙatar izinin hukumar tacewa, ba ya biyan tara, kuma yana tafiya daga waya zuwa waya ko babu sabis. Idan aka bar abin haka, wanda zai zo nan da shekara 40 yana neman sanin abin da ya faru a ƙasar Ƙaura, abin da zai tarar ke nan a ajiye.

Mu ma muna da hannu. Duk lokacin da muka tura irin wannan bidiyo a guruf da sunan jajantawa, mun zama dillalansa kyauta. Akwai wanda a nan ya fara ganin mahaifiyarsa a ɗaure, kafin wani ya zo ya yi masa magana a hankali.

Ɗan Isa ta ga nata rabon. Harin da aka kai garin a Yulin 2024, aka kashe mutane aka kwashe wasu da yawa, ya fito a jaridu kwana biyu, sannan wani harin a wani gari ya ture shi. Wanda ya karanta labarin a Abuja ya samu sunan gari da ƙaramar hukuma da adadi. Bai samu labarin yadda aka haɗa kuɗin ba, gonar wa aka sayar, buhu nawa na gero aka fitar daga rumbu, wa ya ɗauki kuɗin ya shiga daji da ƙafarsa, wace mata ce ta dawo ta daina magana. Waɗannan su ne ainihin labarin, kuma duk wani fim na gaskiya da za a yi wata rana daga nan zai samo kayan aikinsa, idan sun kai lokacin.

Ba muna cewa a ɗauki kyamara a shiga ƙauye gobe ba. Abin da ya faru a Holcomb an yi fim ɗinsa bayan shekara takwas, an riga an kama masu laifin an hukunta su. Namu suna nan da ransu da bindigoginsu, kuma fuskar mutum a bidiyo tana iya zama sanadin ajalinsa. Ga kuma kunya da sirrin iyali, musamman abin da ya shafi mata, wanda ba mu da ikon tonawa don muna son maki ko muna son mabiya. Amma abin da ya sa In Cold Blood da 10 Rillington Place suka yiwu, kuma aka iya yi musu gyara daga baya, shi ne akwai abin da aka rubuta tun abin yana da ɗumi: bayanan kotu, rahoton likita, hirar maƙwabta, sunaye da ranaku. A wajenmu 'yan bindiga kaɗan ne suka taɓa tsayawa gaban alƙali a fili, don haka wannan rumbu babu shi. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana bincike a kan 'yan bindigar, ya gabatar da shi a Sakkwato a Satumbar 2021. Ɓangaren waɗanda aka zalunta yana jiran masu yin irin wannan aiki.

A nan ne muke ganin akwai abin da ya fi ƙarfin hukuma amma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Duk shekara ɗaruruwanmu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Sakkwato muna rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan batutuwan da mu kanmu ba mu damu da su ba, wasu ma kwafowa ake yi. Jami'ar Gusau kuwa ba ta buƙatar a ba ta labari, tun da an kwashe ɗalibanta daga gidajen kwanansu a Sabon Gida a Satumbar 2023. Ɗalibin tarihi ko na Hausa ko na aikin jarida yana iya ɗaukar garinsu shi kaɗai, ya rubuta sunan duk wanda aka kashe da ranar da sana'arsa da wanda ya bari, da yardar iyalinsa, ba hoto, ba bidiyo. Wanda ya yarda a naɗi muryarsa a naɗa, a ɓoye sunansa idan ya so, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Memori ƙarami ne, yana ƙonewa, yana faɗuwa a kasuwa, kuma waya ita ce abu na farko da ake ƙwacewa a hanya. Ɗakin karatu na makaranta ya fi aljihu tsaro, kuma akwai Ma'ajiyar Fina-Finai da Sauti ta Ƙasa a Jos da aka kafa domin irin wannan ajiya.

Ga 'yan fim ɗinmu kuma, idan ranar ta zo da hukuma ta sassauta, muna roƙon kada a ɗauko jarumin da ya fi kowa kwarjini a naɗa masa rawani a rataya masa bindiga a sa masa kiɗa. An yi wa Turji waƙar yabo a 2021, mun ga yadda ta bi gari har yara na rerawa. Akwai wani labarin da ba a taɓa ba: na mai kai kuɗin fansa, na malamin firamaren da makarantarsa ta koma sansanin 'yan gudun hijira, na Bafulatanin da aka kore wa shanu ya rasa wurin kai ƙara kuma ya ƙi shiga daji, na direban da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ranar Alhamis saboda kasuwa. A bar mai bindiga a gefen hoto, yadda yake zuwa mana, da dare, a kan babur.

Masu riƙe da sunayen a yanzu su ne limaman da suka yi sallar gawa, da masu unguwanni, da tsofaffin matan da suka yi zaman makoki gida-gida. Yawancinsu sun haura shekara 60, wasu kuma sun bar garuruwansu suna zaune a ɗakunan haya da kangaye a Ƙaura da Gusau. Hutun ƙarshen zango yana tafe, kuma da yawanmu gidajen da za mu sauka ke nan.